Yadda Ake Gwada Babbar Lamba a Gane ko Firayim ce

Lambar firayim ita ce lambar da ta fi 1 wadda babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba, in ba 1 da ita kanta ba: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Ɗan kasuwar da ke da buhun gero 91 zai iya jera su layi 7, kowane layi buhu 13. Mai buhu 97 kuwa ko ta ina ya ɓullo sai wani layi ya gaza, sai dai ya miƙe su layi ɗaya. Saboda haka 97 firayim ce, 91 ba firayim ba ce.

Wannan ɗan firamare ma ya sani. Aikin yana farawa ne idan aka ba ka lamba mai alƙaluma huɗu, ko arba'in, ko miliyan arba'in, aka ce ka yanke mata hukunci. Mun shirya wannan bayani ne domin malaman lissafi na sakandare a Katsina da Daura, da ɗaliban da ke karanta lissafi ko ilimin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejojin jihar nan. Kayan aikin su ne takarda, fensir, kalkuleta, sai waya ko kwamfuta a matakin ƙarshe. Abin da muke so ka riƙe tun daga nan shi ne, gwaje-gwajen nan ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai wanda ke ba da hujja yankakkiya, akwai wanda ke ba da zato mai ƙarfi kawai, kuma yawancin kurakuran ɗalibai daga haɗa waɗannan biyun suke tasowa.

Gwajin rabawa, da inda ake tsayawa

Ga lambar da ba ta wuce alƙaluma biyar ko shida ba, rabawa ce hanya mafi tsabta. Fara da abin da ido ke gani. Idan alƙalamin ƙarshe 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, 2 na raba ta. Idan 0 ko 5 ne, 5 na raba ta. Idan ka tara alƙalumanta jimlar ta rabu da 3, ita ma lambar ta rabu da 3.

Daga nan ka nemi saiwar lambar, wato abin da in ka ninka shi da kansa zai ba ka ita, ka raba da lambobin firayim ɗaya bayan ɗaya har ka kai wannan saiwa. Dalilin tsayawa a nan shi ne, idan lamba ta fito daga ninka a da b, ba zai yiwu a ce dukansu biyu sun fi saiwar girma ba. Dole ɗaya ya kasance ƙasa da ita ko daidai da ita, to in ba ka same shi a ƙasan ba, babu shi.

Ɗauki 2,027. Saiwarta 45 ce da ɗan ɗigo. Lambobin firayim da ba su wuce 45 ba guda 14 ne: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43. Da 7 saura 4, da 11 saura 3, da 13 saura 12, da 17 saura 4, da 19 saura 13, da 23 saura 3, da 29 saura 26, da 31 saura 12, da 37 saura 29, da 41 saura 18, da 43 saura 6. Babu inda sifili ya fito, don haka 2,027 firayim ce, kuma wannan hujja ce cikakkiya.

Yanzu gwada 2,021. Za ta tsallake 13 na farko lafiya lau, sai a ta ƙarshe ta faɗi: 43 × 47 = 2,021. Ɗalibin da ya gaji a kan 31 ko 37 ya ce ai ya isa, zai rubuta amsar da ba daidai ba. Malam, irin wannan lamba ya kamata ka riƙa sa wa a aikin aji.

Wani tarkon kuma: gaskiya ne duk firayim da ta wuce 3 tana zuwa ne a siffar 6k + 1 ko 6k − 1, inda k ke nufin 1, 2, 3 da sauransu, amma ba duk mai wannan siffa ce firayim ba. 25 da 35 da 91 duk suna da ita. Amfanin ƙa'idar kawai ta rage maka waɗanda za ka gwada.

Idan jerin lambobin firayim kake so gaba ɗaya, yi amfani da rariyar Eratosthenes: rubuta lambobi daga 2 zuwa inda kake so, bar 2 ka soke duk ninkinta, bar 3 ka soke ninkinta, haka har saiwar babbar lambar. Ƙasa da 100 za ka sami 25, ƙasa da 1,000 za ka sami 168. In ƙidayarka ba ta ba da haka ba, akwai wadda ka tsallake.

Wajen fitar da saura a kalkuleta, kada ka dogara da abin da ke bayan ɗigo. Raba, ɗauki cikakkiyar lambar da ke gaban ɗigo, ninka ta da abin da ka raba da shi, sannan ka ɗebe. Misali 2,027 ÷ 43 = 47.139, sai 47 × 43 = 2,021, sai 2,027 − 2,021 = 6.

Rabawa tana ƙarewa da wuri. Lamba mai alƙaluma 40 saiwarta na da alƙaluma 20. Ko da kwamfuta na yin rabawa biliyan ɗaya a daƙiƙa, bin duk lambobin da ke ƙasa da wannan saiwa aikin ɗaruruwa ko dubban shekaru ne. Dole a sauya dabara.

Gwajin Fermat: "a'a" ɗinsa tabbas ce, "i" ɗinsa zato ne

A 1640 Pierre de Fermat, ɗan Faransa, ya bayyana wata ƙa'ida: idan n firayim ce, kuma n ba ta raba a ba, to a^(n−1) in aka raba ta da n saura 1 ne. Alamar ^ na nufin a ninka lambar da kanta sau adadin da ke biye. Ke nan in ka zaɓi wata a, ka yi lissafin, saura bai zo 1 ba, n ba firayim ba ce, babu sauran magana.

Ba a lissafa a^(n−1) gaba ɗaya, domin za ta cika takarda. Ana ninka lamba da kanta ne ana yanke saura a kowane mataki. Mu gwada 91 da a = 2, muna neman sauran 2^90:

2^2 = 4
2^4 = 16
2^8 = 256, saura 74
2^16 = 74 × 74 = 5,476, saura 16
2^32 = 16 × 16 = 256, saura 74
2^64 = 74 × 74, saura 16

Tun da 90 = 64 + 16 + 8 + 2, sai a ninka 16 × 16 × 74 × 4, ana yanke saura a hanya. 16 × 16 ya bar 74, 74 × 74 ya bar 16, 16 × 4 = 64. Amsa 64 ce, ba 1 ba. An kama 91 ba tare da an san 7 da 13 ba. Lura da wannan da kyau: gwajin na gaya maka lamba na rabuwa, amma ba ya gaya maka abin da ke raba ta.

Da a ce 3 ka zaɓa a maimakon 2, da 91 ta wuce, domin 3^6 = 729 = 8 × 91 + 1, kuma 6 na raba 90. Haka 341, wadda 11 × 31 ce, tana wuce gwajin da 2, sai da 3 ake kama ta, inda saura ke zuwa 56. Mafi wahala su ne lambobin da ake kira da sunan Robert Carmichael, wanda ya yi rubutu a kansu a 1910: 561 = 3 × 11 × 17, da 1,105 = 5 × 13 × 17, da 1,729 = 7 × 13 × 19. Waɗannan suna wuce gwajin Fermat da kowace a da ba ta haɗa mai rabawa da su ba. A 1994 aka tabbatar cewa irinsu ba su da iyaka, don haka ba za ka iya rubuta jerinsu ka ajiye ka huta ba.

Gyaran Miller da Rabin

Wannan shi ne gwajin da manhajojin tsaro ke amfani da shi a yau. Gary Miller ya kawo shi a 1976, Michael Rabin ya ba shi siffar da ake aiki da ita a 1980. Tushensa shi ne, idan n firayim ce, lambobi biyu ne kawai za ka ninka da kansu saura ya zo 1: wato 1 da n − 1. Duk wata ta uku da ta yi haka ta tona asirin n.

Ga matakan. Raba n − 1 da 2, ka ci gaba da rabawa har ka iso lambar mara. Kira ta d, ka kira yawan rabawar da ka yi s. Fitar da sauran a^d. Idan 1 ne ko n − 1, lambar ta wuce da wannan a. In ba haka ba, ninka sauran da kansa ka yanke, har sau s − 1. Idan n − 1 ta bayyana a hanya, ta wuce. Idan ba ta bayyana ba, n na rabuwa, tabbas.

Gwada 561. 560 = 16 × 35, wato s = 4, d = 35. Sauran 2^35 shi ne 263. Ninka shi da kansa, saura 166. Sake, 67. Sake, 1. Ba a ga 560 ba, don haka an kama ta. Akwai ma ƙarin riba a nan: 67 ce ta haifi 1 alhali ita ba 1 ba ce kuma ba 560 ba. Ɗebe mata 1 ka sami 66, ƙara mata 1 ka sami 68. Babbar lambar da ke raba 66 da 561 ita ce 33, ta 68 da 561 kuma 17. Ga 33 × 17 = 561 a fili.

Lamba mai rabuwa ba za ta iya ruɗin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lambobin a ba. In ka zaɓi a ba tare da tsari ba har sau 40, damar ta tsallake duka ba ta kai ɗaya cikin 4^40 ba. Ga ƙananan lambobi ma an riga an bincika: duk lambar da ba ta kai 3,215,031,751 ba, in ta wuce da 2, 3, 5 da 7, firayim ce tabbas. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kan 2 kaɗai. 2,047 na wucewa da 2, alhali 23 × 89 ce.

Wannan ya wadatar wa mai haɗa makullin RSA, irin wanda ke tsare hulɗar banki ta intanet. Makulli mai bit 2,048 (bit alƙalamin kwamfuta ne, 0 ko 1) yana fitowa daga ninka lambobin firayim biyu, kowace mai alƙaluma wajen 309. A wannan girma, kusan ɗaya cikin kowace 355 na lambobin mara firayim ce, don haka kwamfuta na zaɓar lamba ne ta gwada, in ta faɗi ta ɗauki wata. Amma mai lissafi da ke son ya rubuta "an tabbatar", zato komai ƙarfinsa bai ishe shi ba.

Lambobin Mersenne

Manyan lambobin firayim da aka sani, kusan duk na sahun gaba siffa ɗaya suke da ita: 2^p − 1. Ana kiran su da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa, wanda a 1644 ya ce lambar firayim ce idan p ta kasance 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a bainar taro cewa 2^67 − 1 = 193,707,721 × 761,838,257,287.

Kafin ka ɓata lokaci a kan irin wannan lamba, yi tankaɗe biyu.

Na farko, dole p ita kanta ta zama firayim. Idan p = a × b, to 2^a − 1 na raba lambar. Misali 2^15 − 1 = 32,767, wadda 7 da 31 ke rabawa, domin 15 = 3 × 5. Amma zaman p firayim bai isa ba: 2^11 − 1 ita ce 2,047 ɗin da muka gani.

Na biyu, duk firayim da za ta raba 2^p − 1 (p firayim kuma mara) sai ta zo a siffar 2kp + 1, kuma in an raba ta da 8 saura ya zama 1 ko 7. Wannan na rage aiki ƙwarai. Ga p = 23, ta farko ita ce 47, sauranta da 8 shi ne 7, kuma 8,388,607 = 47 × 178,481. Gwaji ɗaya ya gama magana. Ga p = 29, jerin shi ne 59, 117, 175, 233. Sauran 59 da 8 shi ne 3, a watsar. 117 da 175 ba firayim ba ne, a watsar. 233 sauranta 1, kuma tana raba 536,870,911. Da irin wannan dabara Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa 2^31 − 1 = 2,147,483,647 firayim ce. Saiwarta ta ɗan haura 46,340, amma masu siffar 62k + 1 a ƙasa da haka 747 ne kacal, ƙa'idar 8 kuma ta zubar da kusan rabinsu.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kada ka yi gwajin Fermat da a = 2 a kan lambar Mersenne. Duk 2^p − 1 mai p firayim tana wucewa, ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Da 3 ake yi.

Gwajin Lucas da Lehmer

A ganinmu wannan ne mafi kyawun abin da malami zai iya nuna wa ajin ƙarshe na sakandare, domin hujja ce yankakkiya kuma ba ta buƙatar komai sai ninkawa da fitar da saura. Édouard Lucas ya yi amfani da asalinsa a 1876 ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu. Har yau ita ce mafi girman firayim da aka tabbatar ba da na'ura ba. Derrick Lehmer ya daidaita gwajin a 1930. Irin wannan haƙurin lissafin hannu ba baƙo ba ne a garin nan: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin cika gidajen hatimi da lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Ga yadda yake. Kira M = 2^p − 1, inda p firayim ce mara. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe 2, raba da M ka riƙe saura. Maimaita wannan sau p − 2. Idan ka ƙare da sifili, M firayim ce. Idan ba sifili ba, ba firayim ba ce. Babu zato ta kowane ɓangare.

Ga p = 7, M = 127, matakai 5:

4 × 4 − 2 = 14
14 × 14 − 2 = 194, saura 67
67 × 67 − 2 = 4,487, saura 42
42 × 42 − 2 = 1,762, saura 111
111 × 111 − 2 = 12,319 = 127 × 97, saura 0

Ga p = 11, M = 2,047, matakai 9 za su ba ka 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifili, ta faɗi. Ga p = 13, M = 8,191, ka yi da kanka, ka gwada da wannan jeri: 14, 194, 4,870, 3,953, 5,970, 1,857, 36, 1,294, 3,470, 128, 0.

Akwai gajeriyar hanyar fitar da saura, kuma ita ce sirrin saurin gwajin a kwamfuta. Raba da 2^p a maimakon M, ka tara amsar da sauran. Ga 4,487: a raba da 128 an sami 35, saura 7, a tara 42. Ga 1,762: 13 saura 98, a tara 111. Ga 12,319: 96 saura 31, a tara 127. To 127 ita ce M kanta, ana ƙirga ta sifili ne. Wanda ya manta da haka zai kori lambar firayim da hannunsa. In jimlar ta fi M, a sake yi mata haka.

Abubuwan da ke ɓata wannan gwaji a hannu sanannu ne. Ƙirga 4 ta farko a matsayin mataki yana sa a tsaya saura mataki ɗaya, a ga 111 a ce 127 ba firayim ba ce. Mantawa da ɗebe 2 sau ɗaya tak yana lalata duk abin da ya biyo baya, kuma babu alamar da za ta nuna maka. Sai iyakar kalkuleta: mai nuna alƙaluma 10 tana ɗaukar p = 13, amma daga p = 17, inda M = 131,071, ninkin na iya kai alƙaluma 11, ta datse na ƙarshe, saura ya zama ƙarya. Excel ma alƙaluma 15 yake riƙewa. Ba shi 2^61 − 1, wadda ita ce 2,305,843,009,213,693,951, zai cika wutsiyar da sifili.

Yi a waya ko kwamfuta

Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, na riƙe cikakkiyar lamba komai tsawonta, kuma yana aiki a wayar Android ta manhaja irin Pydroid 3. Ga shirin gaba ɗaya:

def gwada(p):
    m = 2**p - 1
    s = 4
    for i in range(p - 2):
        s = (s*s - 2) % m
    return s == 0

Gwajin Fermat kuwa layi ɗaya ne: pow(2, 90, 91) zai ba ka 64. Rubuta shi da lambobi uku haka, domin yana yanke saura a kowane mataki. In ka rubuta 2**(n-1) % n da babbar n, na'urar za ta yi ƙoƙarin gina lambar gaba ɗaya har ta daskare.

A Python alamar ^ ba ninkawa take nufi ba, 2^7 zai ba ka 5, ba 128 ba. Taurari biyu ake sawa. Kada ka yi amfani da / wajen rabawa, domin yana mayar da lamba mai ɗigo wadda ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 zuwa 17. Shirin zai ce p = 2 ta faɗi alhali 3 firayim ce, saboda gwajin na p mara ne. Daga Python 3.11 kuma, buga lambar da ta wuce alƙaluma 4,300 na kawo saƙon kuskure sai an ɗaga iyakar. Lissafin na nan daidai, bugawar ce kawai aka taƙaita.

Kafin ka yarda da shirinka, bi da shi a kan duk firayim 168 da ke ƙasa da 1,000. Ban da 2, dole ya ba ka waɗannan 13 kawai: 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 61, 89, 107, 127, 521, 607. Biyun ƙarshe Raphael Robinson ne ya gano su a 1952 da kwamfutar SWAC a Amurka, tare da 1,279, 2,203 da 2,281. Waya za ta gama waɗannan cikin ɗan lokaci. Sai dai duk lokacin da ka ninka p biyu, aikin wannan shiri na ƙaruwa kusan ninki takwas, don haka ba za ka kai miliyoyi da shi ba.

Abin da za ka sani game da lamba ba tare da ka rubuta ta ba

A Oktoban 2024 Luke Durant, cikin shirin haɗin gwiwa na GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996, ya gano 2^136,279,841 − 1. Ita ce ta 52 cikin lambobin firayim na Mersenne da aka sani, kuma ta zarce 2^82,589,933 − 1 da aka gano a Disamban 2018. Gwajin Fermat ne ya fara nuna ta, amma sai da Lucas da Lehmer ya tabbatar kafin a sanar.

Yawan alƙalumanta kana iya fitar da shi a takarda. Ninka p da log 2, watsar da abin da ke bayan ɗigo, ƙara 1. Da 0.30102999566 za ka sami 41,024,319.94, wato alƙaluma 41,024,320. Mai rubuta alƙalami ɗaya a daƙiƙa ba hutu zai shafe kwana 474 da ɗoriya. Yi hattara da log ɗin da kake ɗauka. Da 0.3010 na teburin jarrabawa amsar za ta gaza da fiye da 4,000. Da 0.30103 za ta zarce da ɗaya, ta ba ka 41,024,321. Tun da p na da alƙaluma tara, log ɗin na buƙatar aƙalla goma ko sha ɗaya bayan ɗigo. Abin da ka watsar ma yana da amfani: 10 a ɗaga zuwa 0.945 ya ba da 8.81, don haka lambar ta fara da 88.

Wutsiyarta ma ba ta ɓuya. Alƙalamin ƙarshe na 2, 4, 8, 16, 32 yana zagaye ne 2, 4, 8, 6. Raba p da 4, saura 1, wato 2, ɗebe 1 ya zama 1. Alƙaluma uku na ƙarshe suna zagayowa duk bayan 100, p kuma ta ƙare da 41. 2^41 = 2,199,023,255,552, don haka lambar ta ƙare da 551.

Kowace firayim ta Mersenne tana haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ke komawa daidai da ita. A ninka 2^(p−1) da 2^p − 1: p = 2 ta ba da 6, 3 ta ba da 28, 5 ta ba da 496, 7 ta ba da 8,128. Duba 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Euclid ya nuna wannan, Euler ya tabbatar cewa duk cikakkiyar lamba da 2 ke rabawa ta wannan hanya take zuwa. Ko akwai cikakkiyar lamba mara, da ko lambobin firayim na Mersenne suna da iyaka, tambayoyi ne da har yanzu masana ba su warware ba.

In kana son shiga neman

Manhajar GIMPS, Prime95, kyauta ce. Tana karɓo maka p daga uwar garke, ta yi gwajin, ta mayar da sakamako, kuma data kaɗan take ci. Gwajin p ɗaya da ta haura miliyan 100 na ɗaukar makonni a kwamfutar gida mai aiki dare da rana, damar dacewa kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Shawararmu ga mai farawa ya zaɓi aikin neman masu rabawa ko sake duba gwajin wasu, domin sun fi gajarta.

Matsalarmu a nan zafi ce da wuta. Manhajar na sa kwamfuta aiki da dukan ƙarfinta, kuma a bazarar Katsina, tsakanin Maris da Mayu, ƙaramar kwamfutar cinya za ta yi zafi ta rage gudu ko ta mutu. Ɗora ta a kan tebur, ba a katifa ko darduma ba, ka rage yawan ƙwaƙwalen da aka ba manhajar, ka kuma hure ƙurar hunturu daga fankarta. Manhajar na ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci, don haka ɗaukewar wuta ba ta mayar da kai farko, amma na'urar tebur na buƙatar batirin tsaro ko sola.

Bit ɗaya da ya juye saboda zafi ko lalatacciyar ma'ajiya ya isa ya ɓata gwajin Lucas da Lehmer na makonni. Shi ya sa akan ajiye bit 64 na ƙarshen sauran, a sake gwajin a wata na'ura dabam a gwama. A shirinka na Python ma ka yi haka: buga s % 2**64 a ƙarshe, ka ba abokin karatunka p ɗaya ya yi a tasa wayar, in lambobinku biyu ba su zo ɗaya ba ku sake duka.